Filin Muze na Yamai: wa ke ba da haya, ina kuɗin parkin ke shiga, wa ke sa ido?

Duk wanda ya taɓa kai yara Muze ranar sallah ya san yadda bakin ƙofar yake. Tun daga nan Talladjé ake cika faba-faba da taksi, wasu kuma a kan babur, uba a gaba, yara biyu a baya. Wanda ya je da abin hawansa, kafin ya isa wurin mai sayar da tike ya riga ya fara tunanin inda zai ajiye shi da abin da zai ba mai gadi. In ka shiga ciki, ga maƙeran azurfa, ga dukawa, ga masaƙa, ga masu sayar da abin sha. Kowane ɗayansu a kan fili yake zaune, kuma filin nan yana da mai shi.

Mai shi kuwa ƙasa ce, wato mu duka. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattaro wa masu saurarenmu da masu karanta wannan shafi abin da doka ta tanada game da filin gidan adana kayan tarihi na ƙasa: wa ke da ikon ba da wani sashe nasa haya, ina kuɗin ajiye ababen hawa ya kamata ya shiga, mene ne aikin majalisar dokoki a ciki, kuma wa ke riƙe da wannan aiki a yau da majalisar ba ta nan. Abin da za mu faɗa kan Muze ya shafi filin makaranta, filin asibiti da filin kasuwa, don ƙa'idar ɗaya ce.

Taƙaitaccen tarihin gidan

An kafa gidan a shekarar 1959, ana gab da samun ƴancin kai. Mutum biyu ne aka fi ambata a kafa shi: Boubou Hama, malami kuma marubuci ɗan Fonéko ta yankin Téra, da Pablo Toucet, wanda ya zama shugaban gidan na farko kuma ya tsara fasalinsa. Da farko sunansa Musée National du Niger, daga baya aka laƙaba masa sunan Boubou Hama. Faɗinsa ya kai wajen hekta 24 a tsakiyar birni, kusa da otal ɗin Gaweye, da Palais des Congrès, da gadar Kennedy.

Tun daga farko ba a yi shi don ajiye tsofaffin kaya kawai ba. Akwai ɗakunan tufafin gargajiya, da kayan kiɗa, da na uraniyom. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe waɗanda aka tono a Gadoufaoua cikin jihar Agadez. Akwai kututturen itacen Ténéré, wanda mota ta kayar a 1973 aka kawo shi Yamai. Ga kuma gidan namun daji, da samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, da rumfunan masu sana'ar hannu da ke aiki a gaban baƙi suna sayar da abin da suka yi. Ke nan ciniki a cikin Muze ba baƙon abu ba ne, da shi aka haife shi.

Wani abin lura shi ne, Boubou Hama ɗin nan shi ne shugaban majalisar dokokin ƙasa daga 1958 har zuwa juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Wanda ya tsaya wa gidan a lokacin shi ke riƙe da majalisa. Amma mutum yana wucewa. Ya rasu a 1982, kuma abin da ya rage yana tsaron filin shi ne doka da masu aiki da ita.

Dukiyar gwamnati iri biyu ce

A tsarin shari'ar da muka gada, filaye da gine-ginen gwamnati sun kasu gida biyu.

Na farko shi ne abin da takardu ke kira domaine public, wato dukiyar da aka keɓe don amfanin kowa ko don wani aikin jama'a: tituna, gaɓar kogi, dandali, da makamantansu. Tsohuwar dokar 29 ga Satumba 1928 ta zamanin Turawa ita ce tushen wannan rabo a ƙasashen yammacin Afirka da Faransa ta mulka. Irin wannan dukiya tana da kariya biyu. Ba a sayar da ita, kuma daɗewa a kanta ba ya mayar da ita taka. Ko ka shekara 40 kana zaune, ba ka zama mai ita ba.

Na biyu shi ne domaine privé na gwamnati, wato filaye da gidajen da gwamnati ta mallaka kamar yadda mutum ke mallakar nasa. Waɗannan ana iya sayarwa, ana iya ba da haya. Doka mai lamba 59-113 ta 11 ga Yuli 1959 ita ce ta tsara yadda ake ba da su. Parsel ɗin da ake rabawa a sababbin unguwanni daga irin wannan rukuni suke fitowa.

A bisa ƙa'ida, wurin da aka gina musamman don jama'a su shiga su amfana, kamar gidan tarihi, a rukuni na farko ake lissafa shi. To amma akwai ƙofa tsakanin rukunan biyu. Gwamnati na iya fitar da wani yanki daga na farko ta mayar da shi na biyu, abin da ake kira déclassement. A ƙasarmu, masu bin sanarwar taron majalisar ministoci sun sha jin an karanto irin wannan mataki, domin da décret ake yin sa, ba sai an kai shi gaban ƴan majalisar dokoki ba. Wannan batu mu riƙe shi, za mu dawo kansa.

Akwai kuma doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. Ita ce ta tanadi yi wa kaya da wurare rajista, ta kuma hana rushe abin da aka sa cikin jerin kariya, ko sauya shi, ko fitar da shi waje ba da izinin hukuma ba.

Izinin zama daban, haya daban

Yawancin rigimar da ake yi kan filayen gwamnati daga nan take tasowa: mutum yana riƙe da takarda, yana ganin haya ce, alhali izinin zama ne kawai. Takardun iri uku ne.

Na ɗaya, izinin zama na wucin gadi. Shi ake ba mai kiyos, mai rumfa, ko mai gadin ababen hawa a kan filin jama'a. Kana biyan kuɗin wuri, amma hukuma na iya janye izinin duk lokacin da amfanin jama'a ya buƙata. A al'adar wannan shari'a, izinin na wanda aka ba ne shi kaɗai: ba ya sayar da shi, ba ya ba wani haya a ƙarƙashinsa, sai hukuma ta yarda.

Na biyu, hayar sana'a. Wannan dokar OHADA ce ke tafiyar da ita, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka sa mata hannu. A ƙarƙashinta, ɗan kasuwar da ya yi shekara 2 yana sana'arsa a shagon haya bisa sharaɗin yarjejeniya yana da haƙƙin neman a sabunta masa. Wannan kariya ce mai ƙarfi, amma an yi ta ne don shagon da mai shi ke da ikon ba da haya. Wanda ke zaune kan filin jama'a da izinin wucin gadi kada ya dogara da ita.

Na uku, hayar dogon zango, wadda ake kira bail emphytéotique. A dokar Faransa, inda aka samo tsarin, tana ɗaukar shekara 18 zuwa 99. Mai hayar na iya gini, yana iya jingina haƙƙinsa a banki. A takarda filin na gwamnati ne har gobe. A aikace kuwa, yaron da aka haifa ranar da aka sa hannu zai iya tsufa bai ga filin ya dawo ba. Kusa da wannan akwai yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da ƴan kasuwa, wadda doka mai lamba 2018-40 ta 5 ga Yuni 2018 ta tsara.

Kun ga ke nan ba sai an sayar da fili ake rasa shi ba. Doka ta toshe ƙofar sayarwa, amma ƙofar haya a buɗe take, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu mutanen Yamai mun ga misalin nau'i na farko da idonmu. A 2016, lokacin da aka rushe kiyos-kiyos da rumfunan bakin manyan tituna da sunan gyaran birni, da yawa cikin masu su sun yi ta cewa ai suna biyan kuɗin wuri ga ma'aikatar magajin gari. Biyan kuɗin bai hana rusau ba, domin resi shaidar biya ce, ba shaidar mallaka ba.

Kuɗin parkin: cikin katanga da wajenta

Muze ma'aikata ce ta gwamnati mai cin gashin kanta, irin waɗanda ake kira établissement public. Tana ƙarƙashin kulawar ma'aikatar al'adu, tana da babban darakta da kwamitin gudanarwa, tana da kasafin kuɗinta. Kuɗin irin wannan ma'aikata daga wuri biyu yake zuwa: tallafin da gwamnati ke bayarwa daga baitulmali, da abin da ita kanta ta tara, kamar kuɗin shiga da kuɗin wuraren da ta ba masu sana'a. Buƙatun kuwa ba sa jira. Zaki da kura nama suke ci kullum, dorina na son ruwa da ciyawa, rufin ɗakunan ajiya na son gyara kafin damina. Duk tammar da ta ɓace a hanya, daga bakin dabba ko daga rufin ɗaki aka cire ta.

Game da ajiye ababen hawa, tambayar farko ita ce: a ina motar ko babur ɗin yake tsaye?

In a cikin filin gidan ne, kuɗin na gidan ne. Gidan na iya sa ma'aikatansa su karɓa, ko ya ba wani mutum ko kamfani aikin bisa yarjejeniya, shi kuma ya riƙa biyan wani adadi. Ko wanne aka zaɓa, kuɗin jama'a ne, dole ya bi ta hannun ma'ajin da doka ta sani. Ƙa'idar kuɗin gwamnati a ƙasashen UEMOA ta raba aiki biyu: wanda ke ba da umurnin a karɓa ko a kashe daban, wanda ke riƙe da kuɗin daban. An yi haka ne don kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai awo, shi ne mai riƙe da mudu.

In kuwa a bakin titi ne, wajen katanga, to maganar ta koma hannun hukumar birni. Doka mai lamba 2010-54 ta 17 ga Satumba 2010, wato kundin ƙananan hukumomi, ta ba su ikon kula da titunansu da tara kuɗin shiga. Harajin tsayawar motoci da na zama kan filin jama'a suna cikin kuɗaɗen da dokar haraji ta ware wa ƙananan hukumomi. Tsarin shi ne doka ta sa iyaka, majalisar birni ta tsayar da adadi a cikin iyakar.

Akwai kuma bambanci tsakanin haraji da ladan aiki. Haraji sai da doka ake ƙirƙiro shi. Ladan aiki kuwa, kamar kuɗin tike ko na gadin babur a cikin harabar ma'aikata, hukumar da ke yin aikin na iya tsayar da shi bisa ƙa'idojin da suka kafa ta. Saboda haka ɗan majalisa ba shi ke yanke ko dala ashirin za ka biya ko dala arba'in ba. Aikinsa shi ne ya tambaya: nawa aka tara a shekara, kuma ina aka kai?

Abin da majalisar dokoki ke iya yi

Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ba majalisar dokoki aiki uku a aya ta 90: yin doka, amincewa da haraji, da sa ido kan aikin gwamnati. In muka ɗora wannan kan filin Muze, hanyoyin majalisa huɗu ne.

Hanya ta farko, shimfiɗa ƙa'ida. Ayoyi na 99 da 100 sun jera abubuwan da sai doka ce ke tsara su, ciki har da ƙirƙiro rukunan ma'aikatu masu cin gashin kai, da manyan ƙa'idojin sarrafa dukiyar gwamnati da rabuwa da ita. Majalisa ke zana filin wasan, gwamnati ke buga ƙwallo a ciki.

Hanya ta biyu, kasafin kuɗi. Lokacin da majalisa ke zama, kowace shekara ministan al'adu yakan zo gaban kwamiti ya kare kasafin ma'aikatarsa, kuma tallafin Muze a ciki yake. A nan ɗan majalisa ke da damar cewa: kafin mu ƙara muku, ku nuna mana abin da kuke tarawa da kanku. Doka mai lamba 2012-09 ta 26 ga Maris 2012 ita ce ta tsara yadda ake shirya kasafin da yadda ake ba da bahasinsa bayan shekara ta ƙare.

Hanya ta uku, tambaya da bincike. A ƙarƙashin kundin na 2010, ɗan majalisa na iya aika wa minista tambaya a rubuce, ko ya kira shi zauren majalisa ya amsa da baki a gaban jama'a. Majalisa na iya kafa kwamitin bincike ya je ya duba takardu.

Hanya ta huɗu, kotun binciken kuɗaɗen ƙasa, wato Cour des comptes, wadda kundin na 2010 ya ɗora wa duba asusun gwamnati, na ƙananan hukumomi da na ma'aikatu masu cin gashin kai, tare da taimaka wa majalisa. Rahotanninta na shekara-shekara sun kasance abin da ƴan jarida da ƙungiyoyin farar hula ke dogara da shi.

To ga inda gizo ke saƙar. A duk hanyoyin nan huɗu, babu inda aka ce kowace yarjejeniyar haya sai ta zo gaban majalisa an kaɗa mata ƙuri'a. Izinin rumfa hukumar gudanarwa ke ba da shi. Fitar da yanki daga filin jama'a majalisar ministoci ke yin sa. Majalisar dokoki ta fi yin aiki kafin abu, ta hanyar ƙa'ida, da bayan abu, ta hanyar tambaya. A tsakiya, lokacin da ake sa hannu, ba ta cikin ɗakin. Ko a zamanin da muke da majalisa mai kujeru 171, haka tsarin yake.

Yau da majalisar ba ta nan

Tun daga 26 ga Yuli 2023, hukumar CNSP ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani ta dakatar da kundin 2010 tare da hukumomin da ya kafa, ciki har da majalisar dokoki. Yanzu dokoki na fitowa ne ta hanyar ordonnance da shugaban ƙasa ke sa wa hannu. A watan Afrilu 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, na birane da na jihohi, aka naɗa wakilan gudanarwa, administrateurs délégués, su riƙe su. Ke nan kansilolin da ke tattauna harajin titi a birnin Yamai da ma ƙaramar hukumarmu ta 4 su ma ba sa zama.

Ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da Charte de la Refondation a matsayin babbar dokar ƙasa ta wannan lokaci. A ƙarshen Yuni 2025 aka girka majalisar ba da shawara, CCR. Kamar yadda sunanta ya nuna, shawara take bayarwa, ba ita ke kaɗa ƙuri'ar da ke mayar da ƙuduri doka ba. Amma mambobinta na iya ɗaga batu, kuma batun da aka ɗaga a bainar jama'a ya fi wuyar binnewa.

A ɓangaren bincike akwai sufetocin gwamnati da na ma'aikatar kuɗi, akwai kuma COLDEFF da aka kafa a 2023 don yaƙi da almundahanar dukiyar ƙasa. Tsofaffin dokokin da ba a soke ba kuma suna nan suna aiki. Abin da ya sauya shi ne, mai yin doka da mai zartarwa yanzu hannu ɗaya ne. Wannan na iya sa a yi gyara da sauri in an so. Yana kuma nufin nauyin tambaya ya ƙaru a kan ƴan jarida, ƙungiyoyin masu sana'a da talakawa.

Darasi daga wasu wurare

Ba mu kaɗai ke da wannan tambaya ba, kuma abin da ya faru a wasu ƙasashe na nuna inda haɗarin yake.

A Faransa, kayan da ke cikin gidajen tarihi na gwamnati ba a rabuwa da su sai da doka. Shi ya sa kafin a mayar wa Benin kayan fadar Abomey guda 26, sai da majalisar Faransa ta yi doka ta musamman a Disamba 2020, kayan suka isa Cotonou a Nuwamba 2021. Amma a ƙasar nan guda, a 2010 gwamnati ta nemi ba ƴan kasuwa hayar dogon zango ta wani babban ginin tarihi a tsakiyar Paris, Hôtel de la Marine. Masana tarihi da jama'a suka yi ca, aka kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon shugaban ƙasa Valéry Giscard d'Estaing a 2011, aka fasa. Ginin ya zauna a hannun hukumar kula da gine-ginen tarihi, aka buɗe shi ga jama'a a 2021. Abin da ya cece shi shi ne an ji labarin kafin a sa hannu.

A birnin Chicago na Amurka kuwa, a Disamba 2008 majalisar birni ta amince a ba wani rukunin kamfanoni hayar wuraren tsayawar motoci na titunan birnin har shekara 75, a kan dalar Amurka miliyar 1 da miliyan 150. Cikin ƴan kwanaki aka gabatar aka amince. A 2009 babban sufeton birnin ya ce an yi asarar abin da ya kusa miliyar guda a cinikin. Farashin tsayawa ya hau, kuma in birnin ya rufe titi don wani aiki, sai ya biya kamfanin diyya. A nan an bi ta majalisa, amma ba a ba ta lokacin karatu ba. Ƙuri'a ba tare da bincike ba tambari ne kawai.

Kusa da mu, a Kano, a watan Yuni 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi, tana cewa gwamnatin da ta gabata ta ba da filin jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan suka je kotu, kuma a Satumba na shekarar babbar kotun tarayya ta ce a biya su diyyar naira miliyar 30, wato biliyan 30 a faɗar maƙwabtanmu. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, ƴan kasuwa sun rasa jari, baitulmalin jiha ya shiga bashi. Wata gwamnati ta ba da, wata ta karɓe, talaka ya biya sau biyu.

Abin da ya kamata mu riƙe

Ga mai sana'a da ke zaune a filin wata ma'aikatar gwamnati, ko a Muze ko a wani wuri:

Ka karanta takardarka, ko ka sa wanda ya iya ya karanta maka. Izinin wucin gadi ne ko haya? Shekara nawa? Wa ya sa hannu, kuma da sunan wace hukuma?

Kada ka sayi wuri daga hannun wanda shi ma izini aka ba shi, sai hukumar ta amince a rubuce.

Kada ka zuba jarin gini mai tsada a kan izinin da za a iya janyewa.

Duk biyan da ka yi, ka karɓi resi mai tambarin hukuma, ka adana.

Ga mai ziyara: in ka biya kuɗin ajiye abin hawa, ka nemi tike. Ba raina mai gadi ba ne, shi ma neman abincinsa yake, kuma tiken kariya ce gare shi in wata matsala ta taso. Takardar nan ƴar ƙarama ita ce kaɗai ke nuna cewa kuɗin ya shiga lissafi.

Ga ƙungiyoyi da ƴan jarida: doka mai lamba 2011-22 ta 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman bayanai da takardun hukuma. Tambayoyin da suka dace a yi wa kowace ma'aikata mai babban fili ba su da yawa. Ina iyakar filin take a taswirar hukumar filaye? Mutum nawa ke zaune a ciki da izini ko haya? Yaushe wa'adin kowanne ke ƙarewa? An yi kiran takara kafin a bayar? Nawa ake tarawa a shekara?

Ga masu rubuta dokokin gobe kuwa, ko CCR ce za ta ba da shawara ko majalisar da za a zaɓa nan gaba, gyara uku muke ganin za su toshe ɓarakar ba tare da ɗaure hannun masu gudanarwa ba. Ƙananan izini na shekara ɗaya ko biyu a bar wa hukumar gidan, don ba za a kira taron ƙasa kan rumfar mai sayar da lemo ba. Hayar da ta wuce wani adadin shekaru, ko fitar da wani yanki daga filin gidan tarihi, a wajabta sanar da jama'a tun da wuri da kawo ta gaban wakilansu. Sannan kowace shekara a wallafa jerin masu haya da abin da suka biya, a manna shi a inda kowa zai gani.

Mu a Talladjé mun san darajar takardar fili, domin unguwar nan mutane sun riga taswira zuwa, kuma iyalai da dama sun sha zirga-zirga kafin su samu shaidar wurin da suke kwana. Mun kuma ga yadda gine-gine suka yi ta cin ceinture verte, dajin bedin da aka fara dasawa tun shekarun 1960 don ya kare birnin, kaɗan-kaɗan, parsel bayan parsel. Hekta 24 a tsakiyar babban birni, kusa da kogi da manyan otal, fili ne da kowane mai jari zai so. Tun ran gini ran zane: lokacin tambaya shi ne kafin a sa hannu.

Masu sana'ar hannu, ma'aikatan gidan tarihi, masana shari'a da jami'an ma'aikatar magajin gari da ke da ƙarin bayani ko gyara kan abin da muka kawo, ƙofar gidan rediyon nan a buɗe take, za mu ba ku fili a shirinmu.